Rigar jaka uku da rabi, da lissafin da na yi daga baya

Ana saura kwana goma ƙaramar Salla ta bara, wata mai talla ta shigo gidanmu a nan Bonkuku da ƙunshin dogayen riguna da ta saro daga Yamai. Irin waɗannan ne masu duwatsu a wuya, da ake gani a hotunan WhatsApp. Ta ce jaka biyar. Na taya jaka uku, muka yi ta ja, har ta sallama a jaka uku da rabi. Ranar na kwana ina jin na iya ciniki. Sau huɗu ɗiyata ta sa rigar. A wanki na biyu duwatsun suka fara zuba, a na uku hammata ta ɓarke, da na kai wa tela sai ya ce yadin ba ya riƙe zare.

Ni malamar makaranta ce, lissafi nake koyarwa, don haka sai na yi wa kaina irin tambayar da nake yi wa yara a allo. Jaka uku da rabi a raba gida huɗu, kowace sawa ta tashi dala 175. Akwai kuma atamfar da na saya jaka tara, na biya tela jaka uku, shekara uku ke nan ina zuwa aji da ita kusan kowane mako. Ko sau ɗari kawai na ƙirga, kowace sawa dala 24 ce. To wace ce mai arahar?

Ban ce mace ta daina neman sauƙi ba. Albashi ba ya kai wa ƙarshen wata, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota da jinkirin hanya duka a kan mai saye suke sauka. Wadda ta tsaya ta yi ciniki ba ta yi laifi ba. Abin da nake suka shi ne yadda muke auna araha da kuɗin da ya fita daga lalita a ranar saye kaɗai, ba mu tambayar kwana nawa tufar za ta yi a jiki.

Galibin rigunan nan yadin roba ne. Ba ya shan zufa, ga shi a watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura digiri 40. Ku dubi ƴan mata a ajin da aka rufa da kwano da tsakar rana, za ku gane wadda ta sa auduga da wadda ta sa roba tun kafin a tashi. Yadin ba ya son dutsen guga, ba ya son tartsatsin murhu, kuma mu da itace muke girki. Wannan na ƙarshe ya fi damuna fiye da asarar kuɗi.

Amma babban mai cinye mana kuɗi anko ne, kuma da sunan araha yake shigowa. Za a ce an zaɓi mai sauƙi don kowa ya samu, jaka huɗu kawai. Biki uku, suna biyu, ga atamfar 13 ga Mayu. Ranar nan tana da tarihinta, ranar ce a 1991 mata suka yi tattaki a Yamai suna neman a ba su wuri a shirin babban taron ƙasa, kuma ina girmama ta. Sai dai ban ga inda girmamawar ta ce dole kowace shekara a yanka sabon zane ba. Ki tara ankon shekara guda, za ki tarar kin biya kuɗin atamfa mai kyau guda biyu, amma akwatinki cike yake da zannuwan da suka kode.

Ga mu nan Imanan abin ya fi ciwo, don kuɗinmu na lokaci ne. Dankalin turawa da aka san Bonkuku da shi ana haƙarsa ne a ƙarshen sanyi, kuma a shekarun nan Salla a daidai wannan lokaci take faɗowa. Kuɗi na shigowa, masu talla na biyo shi. Matar da ta yi wata uku tana ban ruwa a garka takan kashe rabonta cikin mako biyu, sai watan Oktoba ya zo a rasa kuɗin littafi da alƙalami. Na sha ganin haka a rajistar ajina.

Wata abokiyar aikina daga Filinge ta ce mini ina magana kamar tsohuwa, yarinya tana son ta yi kama da tsararrakinta, kuma kunyar rashin anko ba a lissafa ta da dala. Gaskiyarta. Na san yadda ɗiyata ta yi murna da rigar nan, ba zan ce murnar banza ce ba. Shi ya sa nake ganin gyaran ba na uwa ɗaya ba ne. In iyaye mata na unguwa suka yarda anko ɗaya ya yi bukukuwa uku, ko a faɗi launi kawai kowa ta zo da abin da take da shi, ba wadda za ta ji kunya. Mu malamai kuma mu fara da kanmu, don yara suna kallon abin da muke sawa fiye da yadda muke zato.

Bana da mai tallar ta dawo, na sa ɗiyata ta juya rigar ciki waje, ta ja ɗinkin da hannu biyu, ta ɗaga yadin ta duba shi a rana. Riga uku ta gwada, ta ajiye. Muka ɗauki atamfa muka tafi wurin telan bakin kasuwa, ta nuna masa hoton ɗinkin da take so a waya. Ya ce kwana shida, ya yi tara.