Kuɗin Tallafin Mai Ya Koma Jihohi: Wa Zai Tambayi Lissafi?

Jama'a, tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a wajen rantsar da shi cewa tallafin man fetur ya ƙare, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000 a garuruwa da yawa. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki Naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ƙasar da ke sayo magani da taki da kayan gyaran mota daga waje, in kuɗinta ya faɗi haka, to, kome sai ya tashi. A Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma a lokacin buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗi a kasuwanni da dama.

Manyanmu sun san irin wannan zafi. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar Naira, aka ce a daure za a ga alheri. A 1989 ɗalibai suka fito kan titi, a 1993 aka soke zaɓen 12 ga Yuni, rigimar siyasa ta cinye ɗan abin da aka ce an gyara. Abin koyi a nan shi ne, gyaran tattalin arziki ba ya tsayawa da ƙafarsa inda jama'a ba su yarda da masu mulki ba, kuma ba su yarda da junansu ba.

Sai mu faɗi gaskiya, akwai alamun farfaɗowa. Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, abin da ya rage dogaro ga na waje. Ajiyar ƙasa ta kuɗin waje ta wuce Dala biliyan 40. A 2025 Naira ta ɗan natsu, farashin masara da shinkafa ya sauko, hauhawar farashi ta koma ƙasa da kashi 20 a Satumba, ko da yake a farkon shekarar hukumar ƙididdiga ta sake ma'aunin da take aunawa da shi. To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Raguwar hauhawa ma'anarta kaya na tashi a hankali, ba wai sun koma yadda suke a 2022 ba. Saukin hatsin kuma ya zo ne bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, sai manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da amfaninsa da araha. Mai saye a birni ya sami sauƙi, mai noma a ƙauye ya ci bashi.

Ga inda muke so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Kuɗin da ake biya na tallafi bai ɓace ba. Wani ɓangarensa ya shiga asusun tarayya, wanda ake rabawa kowane wata tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. A 2023 abin da aka raba bai kai Naira tiriliyan 11 ba, a 2024 ya wuce tiriliyan 15. Watau gwamnoninmu sun karɓi Naira masu yawa fiye da kowane lokaci a baya. Gaskiya ne Nairar ta rage ƙarfi, amma duk da haka makarantar firamare da asibitin ƙauye da hanyar da manomi zai fito da doyarsa, aikin jiha ne da ƙaramar hukuma. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Mu nawa ne muka taɓa tambayar ciyaman ko kansila nawa ya shigo a watan jiya, kuma me aka yi da shi?

Dalilin shirunmu ba ɓoyayye ba ne. Zaɓen 2023 ya raba mu gida-gida. Tinubu ya ci da ƙuri'a wajen miliyan 8.8, ƙasa da kashi 37 cikin 100, Atiku Abubakar ya sami kusan miliyan 7, Peter Obi ya sami miliyan 6.1. An yi ta gardamar tikitin Musulmi da Musulmi a coci da masallaci, kowa ya ja nasa. Tun daga nan, in gwamna namu ne ta addini ko ta ƙabila sai mu rufe masa asiri, in ba namu ba ne sai mu zage shi ko da ya yi daidai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan siyasan da ya san za a kāre shi saboda sunansa, me zai sa ya damu da rijiyar burtsatse?

Rabuwar nan ta fi yin ɓarna a gona. A jajibirin Kirsimeti na 2023 an kashe mutane fiye da ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi na Jihar Filato. A Yunin 2025 an yi irin wannan a Yelwata ta Jihar Binuwai. A Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato 'yan bindiga na ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi shuka ko girbi. Waɗancan yawancinsu Kirista ne, waɗannan yawancinsu Musulmi, amma asarar ɗaya ce: dankalin Bokkos da doyar Binuwai da geron Zamfara duk tukunya ɗaya suke shiga. Muddin kowane ɓangare nasa matattun kaɗai yake yi wa kuka, hukuma za ta yi ta zuwa jaje tana komawa.

Mun kuwa ga abin da haɗa baki ke iya yi. Da aka kai ƙudurorin gyaran haraji majalisa a Oktoba 2024, gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka ƙi tsarin rabon harajin kayan masarufi. Aka zauna aka daidaita, aka sa wa dokokin hannu a Yunin 2025, kason jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55. Ashe in maganar kuɗin da zai shigo hannunsu ce, manyanmu ba sa tambayar wane ne Kirista wane ne Musulmi. Don me mu talakawa za mu kasa yin haka a kan yadda za a kashe shi?

Saboda haka shawararmu mai sauƙi ce. Ana buga rabon kowane wata a jaridu, masu ilimi a cikinmu su karanta wa marasa karatu. Zumuntar mata da ta matasa da ƙungiyoyin manoma su nemi maƙwabtansu Musulmi, a tafi sakatariya tare, cikin ladabi, a tambayi maganar taki da malaman makaranta da tsaron gonaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu neman ƙuri'ar 2027 kuma in sun zo da atamfa da taliya, a fara tambayarsu lissafin abin da suka karɓa tun 2023. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka.