Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Sanin kowa ne cewa kwalliyar ido tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, da wuya a kai amarya ɗakinta ba tandun tozali cikin kayanta. To, sai ga wani sabon yayi da 'yan mata ke gani a wayoyin hannu, wato maganin da ke ƙara wa gashin ido tsawo. Ya kamata ɗalibai da malamansu su san asalinsa kafin wani ya kai shi kusa da idonsa.

Sunan sinadarin bimatoprost. Tun farko an yi shi ne domin masu hawan jinin ido, wato gulukoma, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Da likitoci suka lura gashin idon majinyata na ƙara tsawo da kauri da baƙi, sai kamfanin Allergan ya fito da shi da sunan Latisse a 2008, bisa sharaɗin ba a sayar da shi sai da takardar likita. Aikinsa shi ne tsawaita lokacin da kowane gashi ke ɗauka yana girma kafin ya faɗi. Ana shafa shi sau ɗaya da dare a gindin gashin fatar ido ta sama kaɗai, kuma sai bayan mako 16 ake ganin cikakken sakamako. Da zarar an daina, gashin zai koma yadda yake.

Magani ne na gaske, don haka yana da illa ta gaske. Yakan jawo ƙaiƙayi da jan ido da duhun fatar ido. Yakan rage kitsen da ke kewaye da ido har ya zurma, kuma idan ya ƙara wa ƙwayar ido duhu, da wuya launin ya dawo.

Abin tambaya ma shi ne, ko tsawon na da amfani? A 2015 masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun auna gashin idon dabbobi masu shayarwa iri 22, suka tarar tsawonsa kusan sulusin faɗin ido ne. A wannan tsawo ne ya fi kare ido daga ƙura da bushewa. Idan ya zarce, sai ya riƙa janyo iska cikin ido. Ke nan gashin ido mai gadi ne kafin ya zama ado, balle ga mutanen da ke shan ƙurar hunturu kowace shekara.

Bugu da ƙari, Jihar Sakkwato na cikin wuraren da amosanin ido ya daɗe yana addaba. Ƙwayar cutar na yaɗuwa ta ƙudaje da hannu da tsumma. Idan ta yi ta maimaituwa tun ƙuruciya, sai cikin fatar ido ya yi tabo ya lanƙwashe, gashin ya juya yana gogar ido har ya haifar da hakiya da makanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata na makancewa da ita har ninki huɗu na maza. Mai irin wannan fata, ƙara wa gashinta tsawo da kauri tamkar wasa wuƙar da ke yankar ta ne. Tsige gashin da hantsaki sauƙi ne na ɗan lokaci. Maganinsa ƙaramar tiyata ce.

Saboda haka hanyar aminci ɗaya ce. Duk mai sha'awar wannan magani ya fara kai idonsa ga likitan ido, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a duba fatar da ƙarfin ruwan idon. Kada a saya a kasuwa, kada a ari na mai gulukoma, mai juna biyu kuma ta dakata. Malaman kimiyya su koya wa ɗalibai cewa wanke fuska da ruwa mai tsabta kowace safiya ya fi tsare gashin ido da idon kansa. Magabata dai sun daɗe da gargaɗi: garin neman gira akan rasa ido.