Aljanun Gandoki Ba Wasan Yara Ba Ne

Akwai 'yan boko a Katsina da kan kwana karatun ƙagaggun labaran Turawa, inda bokayen ƙabilun Kelt na tsohuwar Birtaniya ke tare rundunar Rumawa da tsafi, su ce wannan adabi ne mai zurfi. Amma da an ambaci *Gandoki* sai su yatsine fuska, wai tatsuniya ce. Wannan ba gwaninta ba ce, ƙarancin nazari ne.

Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina kuma ya zama Walin Katsina, ya rubuta littafin ne domin gasar 1933, aka buga shi a 1934. Wa ya shirya gasar? Rupert East, jami'in gwamnatin mulkin mallaka. Kontagora kuwa a 1901 ta faɗa hannun Turawa. Waɗanda suka ji ƙarar igwa suna nan da ransu. A gaban mai nasara, ina halin a rubuta cewa jarumi ya kori Bature? Sai marubucin ya fitar da Gandoki zuwa ƙasashen aljanu, inda takobi bai daina ci ba. Masu cewa aljanun sun gurɓata tarihi, sai su nuna wani fagen da aka bar masa a 1934.