Launin Kyanwa Ba Ya Faɗar Asalinta

Masu tallar dabbobi a intanet sun samu hanyar tsawwala farashi: kyanwa mai dogon gashi ta zama 'yar Farisa, mai ruwan toka kuma 'yar Rasha. Hujjarsu launi da kamanni, alhali kama da wane ba wane ba ne. Rarraba kyanwowi iri-iri da sunaye abu ne na baya-bayan nan. A 1871 Harrison Weir ya shirya babban baje kolin kyanwowi a ginin Crystal Palace da ke Landan a lokacin, daga baya ƙungiyoyi irin su CFA ta Amurka, wadda aka kafa a 1906, suka fara rubuta sunayen iyaye da kakanni. Wannan rajistar ce ake kira asali. Launukan kuwa sun riga ta da ɗaruruwan shekaru, suna yawo cikin kyanwowin gida da na kan titi, waɗanda duk suka fito daga kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Ruwan toka baƙi ne da wata ƙwayar gado ta dusashe shi, kuma Russian Blue da Chartreux ta Faransa da Korat ta Tailan duk suna da shi, haka ma magen da ke kwana a bayan rumbu. Dogon gashi yakan ɓuya a jikin iyaye masu gajeren gashi, sai ya ɓulla a ɗansu. Ko baƙin kunne da fuska da wutsiya da aka san kyanwar Siyamis da shi aikin ƙwaya ɗaya ce da zafi ke hana ta aiki: ana haifar 'ya'yan farare, sassan jiki masu sanyi su yi duhu daga baya. Shi ya sa ta ƙasar zafi takan fi ta ƙasar sanyi haske. Abin da launi ke faɗa da gaske daban ne. Mai launi uku, fari da baƙi da ruwan goro, kusan kullum mace ce, domin ruwan goro yana kan ƙwayar gado ta X wadda mace ke da biyu. Fara fat mai shuɗin ido kuma sau da yawa kurma ce.

Wani zai ce ai ido ba ya ƙarya, kowa zai gane Sphynx marar gashi ko 'yar Farisa mai shafaffen hanci. Gaskiya ne, ƙirar kai da ƙashi sun fi launi nauyi, amma iyakarsu su ce akwai jinin wannan iri a jikinta, ba za su faɗi yawansa ba. Wani kuma zai ce mene ne laifi idan mai saye ya ji daɗin sunan? Laifin na farko a aljihunsa yake. Na biyu ya fi muni: sunan na gaske yana zuwa da cututtukan gado. 'Yan Farisa an san su da ciwon ƙoda da wahalar numfashi, Scottish Fold kuma naɗewar kunnenta daga lalurar guringuntsi ce da ke taɓa gaɓoɓinta. Mai sayarwar da ya rantse kyanwarsa 'yar Farisa ce, sai ya nuna takardar iyayenta da sakamakon gwajin ƙodarsu daga likitan dabbobi.