Kyamara ba tumatir ba ce: a daina cutar yaranmu!

Matasanmu masu ɗaukar hoton biki kan ci bashi su sayo kyamara mai tsada. Kafin wata biyu batir ya kumbura, hoto ya fara dishi-dishi, ashe tokunbo aka ba su da sunan sabuwa. In sun koma, dillali ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Wannan zalunci ne! Dokar kare masu saye ta 2018 ta ba mu damar mayar da kaya masu aibi, kuma hukumar FCCPC na karɓar koke. Addini ma ya haramta ɓoye aibin haja. Kada mu sake sayen kyamara ba garanti a rubuce. Duk wanda aka cuta ya kawo rasitinsa ga ƙungiya, mu kai ƙara tare.