Filin matafiya: Jirgi ya tsaya, kaya bai kai kasuwa ba

 Zancenmu na watan ga, na masu zuwa Yamai ne ta kogin Isa, da buhunan shinkafa, ko kabewa, ko albasa, ko raguna. Kowa na tambayar mai jirgi: yaushe za mu isa? Amma ba kowa ke tambayar kansa ba: in mun isa, wa zai kwashe mu daga bakin ruwa? To, nan ne kuɗin talaka ke zubewa.

Ni kaina abin ya taɓa cin aljihuna. Wata shekara kawuna ya aiko mini cewa yana tafe daga wajen Ayoru da kabewa, zai iso ran Talata da hantsi. Na yi ciniki da mai ƙaramar motar kaya, muka tsaya bakin ruwa tun ƙarfe 9. Azahar ta yi, babu jirgi. Direba ya ce wani aiki na jiransa, ya karɓi kuɗin zaman da ya yi, ya tafi. Jirgi bai iso ba sai bayan la'asar. Ga shi kabewar kawu tana can ƙarƙashin kayan mutane, don shi ya fara lodi. Kafin a kai gare ta an kira magariba, masu amalanke duk sun watse. Muka kwana kan rairayi muna gadi, sauro na ta aikinsa. Da safe muka biya wata mota. Kaya ɗaya, kuɗin mota biyu. Ban ga laifin direba ba, ban ga na mai jirgi ba. Lissafina ne ya ɓaci.

Jirgin ruwa ba ya da agogo, ruwa ne agogonsa. Kogin Isa yana gangarowa daga Ayoru, ya bi ta Tilaberi, ya ratsa Yamai, ya wuce Sayi, ya kai Gaya. Wanda ya taso daga sama, ruwa na tura shi. Wanda ya taso daga Gaya ko Sayi, kokawa yake da ruwa, inji na shan mai, tafiya na ja.

Kuma ruwan ba ɗaya ba ne duk shekara. Sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa, na watan Agusta da Satumba. Ruwan damina ne da rafukan Sirba, Dargol da Goruwal ke kawowa daga wajen Burkina, da laka a ciki. Akwai baƙin ruwa, wanda ya taso daga duwatsun Gine, ya yi wata da watanni yana ratsa fadamun Mali, sai wajen Disamba da Janairu yake cika mana kogi. Daga nan sai ja da baya. Daga Afrilu zuwa Yuni tudun rairayi da duwatsu ke fitowa. Babban jirgi ya kafe, a ce maza su sauka su tura. Tsofaffi ba su manta da 1985 ba, shekarar da kogin ya daina gudu a Yamai. A 2020 kuwa, ruwa ya yi yawa har ya shiga unguwanni kamar Lamorde. Abin lura shi ne, wurin da jirgi ke tsayawa yana tafiya da ruwa. Inda mota ta ɗauki kayanka da rani, da damina sai ka tarar taɓo ne har gwiwa, sai ƴan dako sun kai kayan bakin hanya, kuma su ma da kuɗinsu.

Sai iska. In iskar hunturu ta taso, mai jirgi mai hankali yakan raɓe gefe ya jira. Kada ka matsa masa don mota na jiranka. A Fabrairun 2019 wani jirgi cike da ƴan kasuwa ya kife wajen Sambera, cikin jihar Doso, mutane da dama suka rasu. Kuɗin direba ba su kai ran mutum ba.

Yanzu a ce jirgi ya iso lafiya. Tsayawar jirgi daban, fitarka daban. Mata da yara ke fara sauka. Sannan kayan da ke sama. Wanda ya fara lodi shi ke fita ƙarshe. Wani lokaci ma'aikata su tsaya duba takardu da kaya. Duk wannan yana iya cin awa biyu ko fiye. Ko a ƙasashen Turawa haka abin yake. Suna da manyan jiragen teku na yawon shaƙatawa, wani yana ɗaukar mutum fiye da dubu 5. Jirgin yakan tsaya tasha da asuba, amma ana fitar da mutane rukuni rukuni, kowa da alamar launi a jikin akwatinsa, na ƙarshe sai hantsi ya yi. Shi ya sa ake ce musu kada su sayi tikitin jirgin sama na sassafe a ranar. Su da ke da injinan ɗaga kaya ke nan, balle mu da buhu ke hawa kai.

Ga yadda nake yi yanzu. Nakan nemi mai mota ko mai amalanke tun kwana guda kafin ranar, amma ban ce masa ya zo ƙarfe kaza ba. Nakan ce: ka saurari kirana. Shi kuma wanda ke cikin jirgi, ya cika cajin salularsa, ya kashe ta a hanya, don akwai wuraren da ba a samun layi. In daga sama yake, ya kira ni in sun kai Bubon, wajen kilomita 25 daga Yamai. In daga ƙasa yake, ya kira in sun kai Kollo. Kira na biyu, in ya hango gada. Mai zuwa daga sama zai fara ganin gadar Seyni Kunce, wadda aka buɗe a 2021, kafin gadar Kenedi ta 1970. Mai zuwa daga ƙasa zai fara ganin gadar da ƴan Sin suka gina, ta 2011. Ni kuwa ba na kiran direba sai na ga an fara ɗaga buhunanmu.

Ciniki ma a gama shi tun farko, gaban shaida. Buhu nawa ne, zuwa ina, Katako ko gida, wa zai biya ƴan dako, nawa ne in an jira. Kada a biya duka sai kaya ya sauka inda za shi. Mutumin da dare ya same shi da kaya a ƙasa ba ya da bakin ciniki, abin da aka yanka masa shi zai biya. A tuna kuma, Lahadi ce kasuwar Ayoru, Laraba ce ta Bubon. Jiragen da suka taso bayan cin kasuwa cike suke, saukarsu tana daɗewa.

Makiyaya, ragon da ya wuni cikin jirgi ya galabaita. In ka kai shi kasuwar Turaku haka nan, dillali zai karya masa kuɗi. A ba shi ruwa da harawa, ya huta. Kada a kora dabbobi kan kwalta da dare cikin motoci.

Wanda kuma Yamai ba nan ne ƙarshen tafiyarsa ba, zai wuce Doso, Dogon Dutsi, Konni ko Maradi, ya sani manyan motocin nesa da asuba suka fi tashi. Kada ya sa a saya masa tikitin ranar da jirgi zai iso. Ya sayi na washegari, ya gaya wa ɗan uwansa na birni ya ajiye masa tabarma.