Inji Mai Ƙwaƙwalwa: Idan Babu Intanet Fa?

A wannan wata za mu taɓo maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato kwamfutocin da ke jibge a makarantunmu na zango, ƙura ta rufe su, wai don babu intanet.

Kwanakin baya wata makarantar Islamiyya a Kumasi ta samu kyautar tsofaffin kwamfutoci shida. Muka ɗora musu Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, wanda aka fara shi tun 1993. Irin wannan manhaja masu ita sun buɗe sirrinta, kowa yana da izinin ya kwafa ya ba ɗan'uwansa, ba sata ba ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga makarantar da ke koyar da halal da haram.

To, sai malamai suka nemi manhajar koyon buga rubutu. Muka shiga trotro zuwa gari, muka kwafo ta a filashi, muka dawo da murna. Ashe ba a nan take ba. Injin ya ce sai an kawo masa wasu ƙananan fayiloli da manhajar ta dogara da su. Muka koma muka kawo, su ma suka ce suna da nasu 'yan rakiya. Sawu uku muka yi, kuɗin mota ya fi na data. Laifinmu ne: manhajar Linux kamar miya take, wanda ya sayo kuɓewa kaɗai bai yi cefane ba.

Maganin abin shi ne a bar injin ya rubuta jerin cefanensa da kansa. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna apt-offline da aka yi don haka. Da umarnin "set" sai injin ya rubuta abin da ya rasa cikin fayil guda. A kai fayil ɗin wurin da ke da intanet, a ba da umarnin "get", sai a tattaro komai cikin ƙunshi ɗaya. A dawo gida a ce "install", shi ke nan. Amma fa a kula, ita kanta apt-offline sai an saka ta tun ranar farko. Kuma in injin ya daɗe ba a sabunta shi ba, tafiya biyu ce: ta farko a kawo sabon jerin kaya, ta biyu a kawo kayan. Ga injuna iri ɗaya masu tsari ɗaya, ƙunshi guda ya ishe su duka.

Dattawan wannan harka za su tuna lokacin da kamfanin Canonical ke aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya, kafin ya daina a 2011. Yau sai mutum ya sauko da shi da kansa. Shawararmu, a ɗauko cikakken faifan Debian na farko, mai kusan giga 4, kada a ɗauko ƙaramin, domin shi ƙaramin yana neman intanet a tsakiyar aiki. A duba shekarun injin kuma, don Debian 13 da ya fito a 2025 ba ya hawa tsofaffin injuna masu 32-bit.

Kada masu intanet a gida su ce wannan bai shafe su ba. Ba mu manta da watan Maris na 2024 ba, da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, Ghana da maƙwabtanta suka yi kwanaki cikin wahala. Ga shi kuma Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a Oktoba 2025, injuna da yawa masu lafiya za a ce sun tsufa.

Muna roƙon kwamitin kowace makaranta ya sayi filashi biyu, a rubuta kwanan wata a jikinsu, a ajiye ɗaya a akwatin shugaban makaranta. Ɗayan kuwa kada a ba yara aron sa don kwasar waƙoƙi, namu na farko haka ya tafi.